Eugene Bullard: Lambobi a Ƙirji, Babu Anini a Kafaɗa

Duk zaman da Eugene Bullard, baƙar fata ɗan Amurka, ya yi yana tuƙa wa Faransa jirgin yaƙi a fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya bai cika wata uku ba. A ƙarshen Agustan 1917 aka tura shi bakin aiki a kudu da garin Verdun na Faransa, kafin tsakiyar Nuwamba an sauke shi. Ya fita farautar abokan gaba kusan sau ashirin. Ya ce ya kakkaɓo jiragen Jamus biyu, amma hukumar sojan Faransa ba ta rubuta masa ko ɗaya ba, domin ƙa'idarta ita ce sai an sami shaidu da suka ga faɗuwar jirgin, shi kuwa nasa a bayan layin Jamusawa ya ce sun faɗi. A yaƙin da René Fonck na Faransa ya harbo jirage 75, Manfred von Richthofen na Jamus ya harbo 80, wannan lissafi ba abin nunawa ba ne. Duk da haka yau akwai mutum-mutumin Bullard a gidan tarihin jiragen sama da ke Warner Robins a jihar Jojiya ta Amurka, kuma duk mai son fahimtar yadda manyan ƙasashe suka ɗauki baƙin soja a ƙarni na ashirin sai ya bi ta kansa.

Yadda aka saba ba da labarinsa shi ne Amurka ta wulaƙanta ɗanta saboda launin fatarsa, Faransa ta rungume shi ta ba shi fuka-fuki. Babu ƙarya a ciki, sai dai an tsaya a rabin hanya. A ganina abin da ya yanke wa Bullard hukunci a ƙasashen biyu abu ɗaya ne, wato muƙami, da tambayar wa zai sara wa wa. Jinin baƙin mutum babu rundunar da ta ƙi karɓa. Aninin hafsa a kafaɗarsa shi ne aka yi ta gardama a kai.

An haife shi ranar 9 ga Oktoban 1895 a garin Columbus na jihar Jojiya, shi ne na bakwai cikin 'ya'ya goma. Mahaifinsa William ɗan bayi ne, lebura ne a rumbunan ajiye kaya na bakin kogi. Mahaifiyarsa Josephine ta rasu yana ƙarami. Shekara guda bayan haihuwarsa kotun ƙolin Amurka ta halatta raba farar fata da baƙar fata a wuraren jama'a, kuma a shekarun nan ba a cika shekara ba tare da gungun farare sun rataye baƙaƙe da dama ba tare da shari'a ba, Jojiya na cikin jihohin da abin ya fi muni. Bullard ya gani da idonsa. Mahaifinsa ya yi faɗa da wani farin shugaban aiki da ya doke shi, da dare taron mutane suka zo gidan suna nemansa, yara na ɓoye a ciki. Uban ya tsira, amma yaron bai manta ba. Uban nan ne kuma ya riƙa gaya musu akwai wata ƙasa Faransa inda ake ɗaukar mutum a matsayin mutum. A 1906, shekarar da aka yi wa baƙaƙe kisan gilla a titunan Atlanta, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya bar gida.

Shekaru ya yi yana gararamba a kudancin Amurka, ya zauna da wasu makiyayan dawaki masu yawo, ya koyi sukuwa. A 1912 ya ɓuya a cikin wani jirgin ruwan dakon kaya na Jamus mai suna Marta Russ, aka sauke shi a Aberdeen ta Sikotland, ya ɗan tsinci Jamusanci a hanya, harshen da zai yi masa rana bayan shekara ashirin da bakwai. A Ingila ya shiga damben zamani ƙarƙashin wani baƙin ɗan damben Amurka da ake kira Dixie Kid. Damben ne ya kai shi Faris a ƙarshen 1913, ya kuma ƙi komawa.

Bayan yaƙi ya ɓarke, a watan Oktoban 1914 ya sa hannu a Légion étrangère, rundunar da Faransa ke tara 'yan ƙasashen waje a cikinta. Yana da kyau a san halin da Faransa ke ciki a lokacin. A rana ɗaya tak, 22 ga Agustan 1914, an kashe mata soja kusan 27,000. Kafin yaƙin ya ƙare za ta rasa kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Ƙasar da ke zubar da jini haka ba ta tsayawa duba fatar wanda ya zo da kansa ya ce a ba shi bindiga. Bullard ya riƙe babbar bindiga mai ɓarin wuta a Artois da Champagne a 1915, inda aka ragargaza rundunarsa, sannan aka mayar da shi runduna ta 170 ta sojan ƙasa. Da ita ya shiga Verdun a farkon 1916, yaƙin da ya ɗauki wata goma ya ci rayuka kusan 300,000 a ɓangarorin biyu. A farkon Maris ɓarɓashin harsashin igwa ya fasa masa cinya. An ba shi lambar Croix de guerre saboda abin da ya yi a can. Wannan wuri ne da masu ba da labarinsa ke saurin wucewa don su isa ga jirgi, alhali manyan lambobin jarumtarsa a cikin laka da ramuka ya same su, da ƙafarsa a ƙasa.

Raunin ya hana shi komawa sojan ƙasa, sai ya nemi sama. Shi da bakinsa ya ce wani abokinsa Ba'amurke ya yi caca da shi a kan dala 2,000 cewa baƙin mutum ba zai taɓa zama matuƙi ba. Ya shiga rundunar sama a ƙarshen 1916 da niyyar zama mai harbi a bayan matuƙi, daga nan ya nemi a koya masa tuƙin, ya karɓi takardar shaidarsa ranar 5 ga Mayun 1917. Jiragen lokacin, irin su Nieuport da SPAD, katako ne da zane da waya, matuƙi na zaune kansa a waje cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, babu lemar sauka in wuta ta kama. Mutane da yawa sun mutu tun a makaranta. Ko gwanaye ba su daɗewa: Georges Guynemer, wanda duk Faransa ke alfahari da shi, ya ɓace a sama ranar 11 ga Satumban 1917, makonni biyu bayan Bullard ya isa fagen daga. Bullard ya yi aiki a rukuni na 93, sannan na 85. Akwai hotonsa tsaye kusa da jirgi da ɗan birinsa Jimmy da yake shiga da shi sama. Muƙaminsa kofur ne.

A riƙe wannan muƙami, domin a kansa komai ya rataya. A tsarin Faransa tuƙin jirgi sana'a ce, kamar riƙe igwa ko tuƙa mota. Kofur na iya tuƙi, saja na iya tuƙi, kuma da yawa daga cikin matuƙanta masu igiya ne a hannu. Ba wa Bullard jirgi bai sa ya zama shugaban kowane Bafaranshe ba. Shi ke sara wa laftanan, babu laftanan da ke sara masa. Ingila ma haka ta yi da William Robinson Clarke, mutumin Jamaika da ya sami nasa fuka-fukin a ƙarshen Afrilun 1917, kwanaki kaɗan kafin Bullard, aka kuma harbe shi a sama a watan Yuli ya tsira da rai. Saja ne, domin dokar sojan Birtaniya ta lokacin ta keɓe muƙamin hafsa ga masu jinin Turawa. Wanda ya fita daban shi ne Ahmet Ali Çelikten na daular Usmaniyya ta Turkiyya, haifaffen Izmir, wanda kakarsa baiwa ce da aka kai can daga Borno. Shi hafsan sojan ruwa ne tun kafin ya hau jirgin sama, kuma yana cikin baƙaƙen farko da suka tuƙa jirgin soja a duniya. Saboda haka masu cewa Bullard ne na farko a duniya sun zarce. Shi ne Ba'amurke baƙi na farko, wannan kuwa babu jayayya.

Amurka ta shiga yaƙin a watan Afrilun 1917 ba ta da ƙwararrun matuƙa, sai ta waiwayi 'ya'yanta da ke tuƙa wa Faransa, waɗanda ake kira Lafayette Flying Corps, mutum 269 jimilla. Ta ce su zo a duba lafiyarsu su sauya kaki. Bullard ya kai kansa. Aka yi ta kiran fararen abokansa ana ba su laftana, shi ba a kira shi ba. Dalilin a bayyane yake in aka duba tsarin. A rundunar Amurka matuƙin da za a tura fagen daga hafsa ne. Ba wai Amurka ba ta da baƙaƙen hafsoshi ba, a watan Oktoban wannan shekara ta yaye 639 a sansanin Fort Des Moines, amma duk an tanade su ne don su jagoranci baƙaƙe 'yan uwansu a rundunonin da aka ware. Rundunar sama ba ta da rukunin baƙaƙe. Karɓar Bullard na nufin a ba shi anini, ya ci abinci a teburin hafsoshi da farare, farin makaniki ya ƙame ya sara masa kafin ya taɓa injin jirginsa. Gwamnatin Woodrow Wilson, wadda ita ce ta dawo da raba ma'aikata bisa launi a ofisoshin tarayya, ba za ta yarda da haka ba.

Don a ga cewa ba Bullard kaɗai abin ya shafa ba, a dubi Charles Young. Shi ne baƙin hafsa mafi girma a sojan Amurka a lokacin, ya gama makarantar horar da hafsoshi ta West Point, yana dab da matakin da zai ba shi jagorancin dubban sojoji, farare a ciki. A 1917 likitocin soja suka ce hawan jini ya yi masa yawa, aka yi masa ritaya. Shekara ta zagayo ya hau doki daga Ohio har Washington don ya nuna lafiyarsa ƙalau, ba a maido shi ba sai ana saura kwanaki a tsagaita wuta. Daga baya aka tura shi Laberiya, ya rasu a Legas a watan Janairun 1922. Kuma kwana huɗu kafin Bullard ya isa rukuninsa, baƙaƙen sojoji a Houston suka yi bore saboda cin zarafin 'yan sanda, aka rataye goma sha tara daga cikinsu. Wannan ita ce Amurkar da ya nemi ya sa kakinta.

Ƙin karɓarsa abu ɗaya ne, sauke shi daga jirgin Faransa abu ne daban, kuma a nan ne labarin ya fi ɗaure kai. Bullard ya ce yana dawowa daga hutu ya nemi hawa wata motar soja, wani ya hankaɗo shi da ƙafa yana zaginsa, shi kuma ɗan dambe ya jawo mutumin ya jefa shi rami, sai daga baya ya ga hafsan Faransa ne. Dukan hafsa a lokacin yaƙi babban laifi ne, yana iya kai mutum kotun soja. Masu bin diddigin tarihinsa kuwa suna nuna yatsa ga wani mutum daban, Dakta Edmund Gros, likita Ba'amurke mazaunin Faris, jigo a kwamitin da ke kula da matuƙan Lafayette, wanda a lokacin ya zama manjo a rundunar saman Amurka kuma yake da hannu a zaɓen waɗanda za a sauya wa kaki. Bullard ya rayu ya mutu yana ganin Gros ne ya yi masa ƙafar ungulu. Ni ban ga dalilin da zai sa a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Matuƙa matasa da ke jiran mutuwa kullum suna sha suna faɗa, kuma rundunar da ke ƙarancin ƙwararru tana iya tsare mutum kwanaki ta mayar da shi jirginsa. Wanda ke da mai tsaya masa, faɗansa kan ƙare a gadurun. Wanda wani babba ke jiran ya yi tuntuɓe, faɗa ɗaya ya isa. A farkon 1918 an mayar da Bullard runduna ta 170, aikin bayan fage, bai sake tuƙa jirgin yaƙi ba har abada.

Akwai takarda da ke nuna yadda Faransa ta riƙa lanƙwasa wa buƙatar ƙawarta. A watan Agustan 1918 wani kanar Bafaranshe mai suna Linard, wanda ke aiki a hedikwatar sojan Amurka, ya aika wa hafsoshin Faransa wasiƙar sirri. Ya gargaɗe su kada su saki jiki da baƙaƙen hafsoshin Amurka, kada su ci abinci tare, kada su yi musafaha, kada su yawaita yabon baƙaƙen sojoji a gaban fararen Amurkawa. W.E.B. Du Bois, marubuci mai fafutukar 'yancin baƙaƙen Amurka, ya samo takardar ya buga ta a 1919. Faransa na jiran soja miliyan biyu daga Amurka. Kofur ɗaya, komai lambobinsa, ba zai sa ta ɓata da mai kawo mata wannan ɗauki ba.

Yanzu a juyo ga ɗaya fuskar Faransa, wadda mutanen ƙasashenmu suka fi sani. A watannin da Bullard ke koyon tuƙi a Tours, Kaosen, jagoran Buzaye, da mayaƙansa, tare da goyon bayan Sarkin Agadas Tegama, sun yi wa barikin Faransa a Agadas ƙawanya tun daga Disamban 1916. A farkon Maris ɗin 1917 dakaru suka taso daga Damagaram suka fasa ƙawanyar, abin da ya biyo baya kuwa ramuwar gayya ce a kan mutanen gari. An kashe kimanin mutum 130 a bainar jama'a a Agadas da Ingal, cikinsu har da malamai. Wata biyu ke nan kafin a miƙa wa Bullard takardarsa. A yankin Bani da Volta, inda yau ake kira Mali da Burkina Faso, ƙauyuka sun tashi tsaye a 1915 da 1916 saboda kamen samari zuwa soja, aka murƙushe su da igwa. Kusan mutum 200,000 Faransa ta ɗiba daga Afirka ta Yamma a wannan yaƙi, waɗanda take kira tirailleurs sénégalais ko da ba daga Senegal suka fito ba, kusan 30,000 ba su dawo ba. Suna cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Douaumont a Verdun a watan Oktoban 1916, a yankin da aka raunata Bullard. A Chemin des Dames, a Afrilun 1917, an tura su cikin sanyi da ƙanƙara, dubbai suka faɗi cikin 'yan kwanaki. Mafi yawansu ba 'yan ƙasa ba ne a dokar Faransa. Talakawan mulkin mallaka ne da ke ƙarƙashin dokar indigénat, wadda ta ba kwamandan Bature ikon ɗaure mutum ko cin tararsa ba tare da alƙali ba.

To me ya sa ƙasa ɗaya ta yi wa baƙaƙe biyu mu'amala iri biyu? Bullard baƙo ne, shi kaɗai ne, ya zo da ƙafarsa, kuma girmama shi bai rage wa Faransa komai ba. Hasali ma riba ce, domin yana ba ta damar nuna wa duniya cewa ta fi Amurka adalci. Bazabarme ko Bahaushe ko Babambare da aka kamo daga ƙauye kuwa, in aka ce daidai yake da Bafaranshe, to harajin da aikin tilas da dukan tsarin mulkin mallaka sun rasa hujja. Wannan ba ya rage darajar abin da Bullard ya samu. A Faris ya iya shiga kowane gidan abinci, ya auri Bafaranshiya Marcelle Straumann a 1923, auren da a Jojiya laifi ne a doka kuma yana iya jawo masa igiya a wuya. Mutumin da ya ga gungun masu rataya a ƙofar gidansu yana da haƙƙin ya so ƙasar da ta bar shi ya yi tafiya da kansa a ɗage, kuma ba na ganin laifinsa. Abin da bai dace ba shi ne mu da muka san Agadas mu karɓi labarin yadda Faransa ke so a ba da shi.

Tsakanin yaƙoƙin biyu ya yi rayuwa mai armashi. Ya kaɗa ganga a gidajen kiɗan jaz na unguwar Montmartre, ya riƙe gidan rawa na Le Grand Duc, daga baya ya buɗe nasa da ya sa wa suna L'Escadrille, da wurin motsa jiki. Shahararrun mawaƙa Josephine Baker da Louis Armstrong na cikin mutanensa. Auren ya mutu, ya riƙe 'ya'yansa mata biyu, Jacqueline da Lolita. A 1939 jami'an tsaron Faransa suka nemi ya riƙa kasa kunne ga Jamusawan da ke zuwa gidansa, waɗanda ba su taɓa zaton baƙin mai gida yana jin harshensu ba.

Da Jamus ta kutsa Faransa a 1940, yana ɗan shekara arba'in da huɗu, ya bar Faris da ƙafa ya riski runduna ta 51 a Orléans, ya sake riƙe bindiga, aka ji masa mummunan rauni a baya. Dole ya gudu, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. A makonnin nan sojojin Jamus suna ware baƙaƙen fursunoni daga cikin farare suna harbewa, kamar yadda suka yi a Chasselay kusa da Lyon. A Airaines, ranar 7 ga Yuni, sun kama Kyaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon da ke jagorantar kamfanin soja. Ya ƙi yarda a raba shi da fararen hafsoshi, ya ce shi hafsan Faransa ne a yi masa abin da ake yi wa hafsa, aka harbe shi nan take. Bullard ya tsallaka Sifen, ya bi ta Lisbon ya isa New York a watan Yuli, 'ya'yansa suka biyo shi daga baya.

Ya bar Amurka yana yaro, ya dawo mata da furfura da ciwon baya, ya tarar babu wanda ya san shi. Ya zauna a Harlem, ya yi gadi, ya yi tallan turare, ya yi aikin tashar jiragen ruwa. A daidai lokacin ne, a 1941, sojan Amurka ya fara koya wa baƙaƙe tuƙi a Tuskegee, shekara ashirin da huɗu bayan an ƙi kiran sunansa, kuma ko a nan maganin da aka samo shi ne a kafa musu rukuninsu daban, baƙaƙen matuƙa da baƙaƙen makanikai, don kada farar fata ta sara wa baƙa. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin daina raba sojoji bisa launi. Shekara guda bayan haka, ranar 4 ga Satumban 1949, Bullard ya je Peekskill a jihar New York wajen taron waƙar Paul Robeson, baƙin mawaƙi ɗan gwagwarmaya, sai ga masu zanga-zanga, cikinsu da tsofaffin sojoji, da 'yan sanda sun rufe shi da kulake har ƙasa. An ɗauki hoton dukan, jaridu sun buga, ba a hukunta kowa ba.

Faransa ba ta manta da shi ba. A 1954 ta gayyace shi Faris ya sa hannu a sake kunna wutar kabarin sojan da ba a san sunansa ba. A 1959 ta ba shi Légion d'honneur, lambarta mafi daraja, a kan Croix de guerre da Médaille militaire da wasu fiye da goma da yake da su. A lokacin aikinsa tuƙa lif ne a ginin Rockefeller Center, yana hawa da sauko da mutane. A watan Disamba gidan talabijin na NBC, wanda ke cikin ginin, ya gayyato shi ya zauna da kayan aikinsa ya baje lambobinsa. Da shugaban Faransa Janar de Gaulle ya ziyarci New York a 1960 ya rungume shi a gaban jama'a.

A wannan Disamba na 1959 ne kuma majalisar Faransa ta zartar da dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke shirin samun 'yancin kai. Daga nan kuɗin 'yan mazan jiya a Yamai da Bamako da Dakar da Fort-Lamy (N'Djamena ta yau) ya tsaya cik, na abokan yaƙinsu Faransawa yana ta hawa, har tazarar ta ninka sau da yawa. Waɗannan su ne mutanen da suka taso da kwamandan Faransa Leclerc daga Cadi suka ci garin Kufra na Libiya a 1941, lokacin da de Gaulle ba shi da ƙasar da zai dogara da ita sai Afirka. Su ne aka janye daga fagen daga a ƙarshen 1944 aka maye gurbinsu da farare, kuma 'yan uwansu ne aka buɗe wa wuta a sansanin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamban 1944 saboda sun nemi a biya su haƙƙinsu. Sai a 2007 aka daidaita wani ɓangare na fanshon, sauran kuma a 2011 bayan hukuncin majalisar tsarin mulki, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da ya faru a Thiaroye kisan kiyashi. Lamba ɗaya a ƙirjin dattijo a New York kuɗinta kaɗan ne. Fanshon dubban mutane kuwa yana taɓa baitulmali.

Bullard ya rasu da ciwon dajin ciki ranar 12 ga Oktoban 1961, kwana uku bayan ya cika shekara 66. An binne shi a sashen tsofaffin sojojin Faransa na maƙabartar Flushing a New York, da tutar Faransa a kan akwatinsa. A 1994 rundunar saman Amurka ta ba shi muƙamin ƙaramin laftana, wato aninin da ta hana shi a 1917, shekara talatin da uku bayan mutuwarsa. Wasu za su ce ihu ne bayan hari, kuma suna da hujja. Ni dai ina ganin yana da amfani ko don amsa laifi ne a rubuce, musamman da yake abin da aka zaɓa a ba shi muƙami ne, wanda shi ne ainihin abin da aka yi rigima a kansa. Sai a 2020 baƙin mutum, Janar Charles Brown, ya zama babban hafsan rundunar saman Amurka, kuma a lokacin da ya hau, baƙaƙe ba su wuce biyu cikin ɗari na matuƙan rundunar ba.